Na shiga ginin da aka haifi Model T a Detroit

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi muku alkawarin in na dawo daga Amurka zan ba da labarin wurin da ya fi tsaya mini a rai, to ga shi yau Allah ya nufa.

Ƙanena da ke zaune a Dearborn, garin da ke maƙwabtaka da Detroit, shi ne ya ɗauke ni wata Asabar ya kai ni wani tsohon gini na jan bulo a titin Piquette, cikin birnin Detroit. Da muka tsaya a ƙofa sai da na tambaye shi ko mun ɓata hanya ne, don ginin bai fi wasu sito-siton da ke Bompai kyan gani ba. Hawa uku ne, dogo siriri, tsawonsa ƙafa 402, faɗinsa ƙafa 56 kacal. Nan ne masana'anta ta farko da kamfanin Ford ya gina da kuɗinsa, a 1904, shekara ɗaya bayan kafa kamfanin. Kafin nan haya suke yi a titin Mack. Kuma a cikin ginin nan aka zana motar Model T, aka haɗa ta farko a watan Satumba na 1908.

Yanzu gidan tarihi ne. Abin da ya fara kama ni shi ne daɓen. Katako ne, na asali, ya sha tafiya har ya loma a wasu wuraren, ga tabon baƙin mai ya shige cikin itacen. Fentin ginshiƙai yana ɓarewa, sun bar shi haka da gangan. Tagogi sun fi 300, domin a lokacin da hasken rana ake aiki. An jera tsofaffin motoci layi biyu, kana tafiya tsakaninsu, babu gilashin da ya raba ku.

A hawa na uku, can ƙurya, akwai wani ɗaki da aka kewaye. A 1907 Henry Ford ya sa aka yanke wurin aka sa masa ƙofa da makulli, mutane ƙalilan ne ke shiga. Akwai allo da alli, teburin zane, 'yan injinan sassaƙa ƙarfe, da kujera mai lilo irin wadda Ford yake zama a kai, an ce ta mahaifiyarsa ce. Joseph Galamb, ɗan ƙasar Hungari, yana zane a allo, Childe Harold Wills yana kula da batun ƙarfe, shi kuma Ford yana zaune yana kallo yana cewa a gyara nan a cire can. Wallahi na daɗe tsaye a wurin. Motar da aka ƙera sama da miliyan 15 daga wannan ɗan lungun ta fito, kuma ban ga wani kayan aiki a ciki da zai ba maƙerinmu tsoro ba.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da hanya. Ni tambayata ta 'yan gareji ce. Ka leƙa injin? Silinda nawa?

Baban Amira:
Yawwa Oga, na san za ka tambaya, shi ya sa na leƙa sosai. Silinda huɗu, ƙarfin doki 20, gudunta bai wuce kilomita 70 a awa ba. Ana iya kwance kan injin a ɗaga shi daban, abin da a wancan lokacin ba kowace mota ke da shi ba. Amma tuƙin ne zai ruɗa ka. Abin takawa uku ne a ƙasa, kuma babu totur a cikinsu. Na hagu shi ne giya: ka danne shi ƙasa kana giya ta ɗaya, ka sake shi gaba ɗaya ka shiga ta biyu, giyar ke nan duka. Na tsakiya ribas. Na dama birki. Totur ɗan hannu ne a jikin sitiyari, kamar inda muke kunna sigina.

Ɗan Panteka:
To, direbanmu na yau in ya shiga sai ya taka ribas yana neman birki. Allah ya kiyaye. Tankin mai fa?

Baban Amira:
Ƙarƙashin kujerar direba. Babu famfon mai, gangarowa yake yi da kansa zuwa kafireta. Mai yi mana bayani, wani dattijo ɗan sa-kai, ya ce in tudu ya yi tsayi kuma man ya yi ƙasa, sai direba ya juya ya hau tudun da baya. Tayar da ita kuma da hannu ne, ana juya wani hannun ƙarfe da ke gabanta. In ba ka daidaita wutar ba hannun ya dawo da ƙarfi ya karya maka tsintsiyar hannu. Sai a 1919 aka fara sa mata sitata.

Abba na Fagge:
Ma sha Allah. Wato nan ne aka ƙirƙiro mota, kuma nan aka fara layin nan da mota ke tafiya ma'aikata suna ɗaura mata kaya? Allah ya kai mu mu ma mu gani.

Malama Maman Khalifa:
Abba, biyun duka da gyara. Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus tun 1886, lokacin Ford bai ƙera mota ko ɗaya ba. A Detroit ɗin ma Ransom Olds ya riga shi fitar da motoci da yawa tun 1901. Layi mai tafiya kuwa sai 1913, kuma a wata masana'antar daban, ta Highland Park, wadda suka koma a farkon 1910. Ina gaya wa ɗalibaina kullum, Ford ya yi fice ne wajen sa mota ta yi arha har manomi ya saya.

Baban Amira:
Haka yake Malama. Kuma wannan ne ma ya sa wurin ya burge ni. A Piquette motar tsaye take wuri ɗaya a kan jakuna na katako, ana kawo mata kaya, mutane suna kewaye ta suna ɗaurawa. In an gama a hawa na uku a sauko da ita ta lif, a gwada ta a fili. Kusan Model T 12,000 aka yi a haka kafin su tashi. Charles Sorensen, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan Ford, ya ba da labari daga baya cewa wata Lahadi a 1908 sun gwada jan shasi da igiya a wannan hawan, suna ɗaura kaya yana tafiya, amma gwaji ne kawai. Ginin ya yi musu siriri, kuma hawa da sauka da kaya ya yi yawa.

Injiniya Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in sa baki domin na yi shekaru a kan layi a wata masana'antar haɗa motoci kafin a ɗaga ni zuwa duba aiki. Alhaji Baban Amira, na ga kana jin daɗin cewa a Piquette mutane ne ke kewaye mota. Ina fahimtarka. Amma a wannan tsarin shasi ɗaya yana cin awa 12 da rabi. Da layi ya kankama a Highland Park ya koma minti 93. Farashin da aka fara da shi a 1908 dala 850 ne, zuwa tsakiyar shekarun 1920 ƙaramarta ta sauko dala 260. Da sun zauna a Piquette suna aikin hannu, da mota ta zama ta attajirai har abada. Layin nan ne abin tarihi, ginin da ka shiga share fage ne kawai.

Ɗan Panteka:
Ranka ya daɗe Injiniya, da girmanka, amma ban yarda ba. Mutumin da ke aiki a Piquette makanike ne. Ya san motar daga lagireto har bayan akwati. Wanda ke kan layi fa? Noti biyu aka ba shi, ya ɗaure, wata ta zo, ya ɗaure, har yamma. Shekara goma in ka ba shi motar ta mutu a hanya ba zai iya tayar da ita ba. Ni yaron da ya yi shekara uku a hannuna zai sauke inji ya mayar. Wanne ne ya koyi sana'a?

Injiniya Mai Ritaya:
Ba ka yi ƙarya ba, kuma ni na ɗanɗana. Shekara biyu ina ɗaura ƙofar hagu ta baya. Har a barci hannuna yana motsi. In fitsari ya kama ka sai ka ɗaga hannu ka jira mai canjinka, domin layin ba ya jiran kowa. Amma akwai abin da layin ya koya mini da gareji ba ya koyarwa: ma'auni. Ƙofar da aka miƙo mini dole ta shiga ba tare da na ɗauki guduma ko zarto ba. In ba ta shiga ba, laifin yana can baya, sai a bi a gano. Wannan shi ne sirrin Ford na gaskiya, kowane ƙarfe ya zama daidai da ɗan'uwansa. Kuma sun fara wannan tun a Piquette da motarsu Model N ta 1906. Ba a yin layi sai an gama da ma'auni.

Baban Amira:
To Injiniya, ai ka dawo gidana ke nan. In ma'aunin a Piquette aka koye shi, da zanen motar, da ƙarfen vanadium mai sauƙi da ƙarfi da suka zaɓa, to ginin ya wuce share fage. Suna da Model N ɗin a jere, da B da C da F da K da R da S, kana bin haruffan kana ganin yadda suke gyara kuskurensu. Model K babba ce mai silinda shida, mai tsada, ta masu kuɗi, wasu masu hannun jari ne suka matsa a yi ta. Ford ya fi son ƙarama mai arha. N ɗin ce ta sa suka zama na ɗaya a yawan motoci a Amurka a 1906. Duk wannan gardamar a cikin ginin nan aka yi ta.

Injiniya Mai Ritaya:
Na karɓi rabi. Ma'aunin nasu ne. Amma ka tuna ko a Piquette yawancin kayan saye suke yi. 'Yan'uwan nan biyu, John da Horace Dodge, su suka riƙa kawo musu inji da giya a farkon shekarun, bodi da taya daga wasu kamfanonin. Harhaɗawa ce ta fi yawa a ginin. Wannan yana da muhimmanci gare mu, don mu kan raina harhaɗawa mu ce ai ba ƙira ba ce.

Malama Maman Khalifa:
Bari in tallafa wa Ɗan Panteka da tarihi, don ma'aikatan Ford kansu sun goyi bayansa da ƙafafunsu. A 1913, shekarar da aka kafa layin, sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 domin ya riƙe ma'aikata kusan 14,000. Mutum ya zo ya yi sati biyu ya gudu. Shi ya sa a Janairun 1914 aka sanar da dala 5 a rana, daga kusan dala 2.34, aka kuma rage awa daga 9 zuwa 8. Ana yawan ba da labarin kamar kyauta ce daga mai tausayi. Kuɗin haƙuri ne. Kuma da sharaɗi: akwai sashe guda na masu bincike da ke zuwa gidan ma'aikaci su ga ko yana shan giya, ko gidansa da tsabta, ko yana tara kuɗi, ko yana koyon Turanci. In ba su gamsu ba a hana shi ƙarin.

Abba na Fagge:
Har gida? Su shiga ɗakin matar mutum?

Malama Maman Khalifa:
Har gida, Abba, su yi wa iyali tambayoyi. Kuma Ford ya yaƙi ƙungiyar ƙwadago da ƙarfi, a 1937 masu tsaron kamfanin suka lakaɗa wa jagororin ƙungiyar duka a kan gadar shiga masana'antar Rouge, sai 1941 ya sa hannu a yarjejeniya da su. Ga jaridarsa ta Dearborn da ta shafe shekaru a 1920 da wani abu tana yaɗa ƙiyayyar Yahudawa. Ina so mu yaba wa aikin ba tare da mun mayar da mutumin waliyyi ba.

Baban Amira:
Gaskiya ne Malama, kuma ban je don in yi masa kirari ba. Abin da na ji a jikina game da mutanen da suka taka daɓen nan ne, waɗanda ba a rubuta sunansu a bango ba.

Bakatsine a Michigan:
Sannunku. Ina zaune kusa da wurin, na kai baƙi ya fi sau uku. Ƙari biyu. Na farko, wanda zai zo ya guji tsakiyar hunturu, don ginin yana da sanyi sosai, ya kuma sa takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa saboda katakon. Na biyu, wannan dala 5 ɗin tana da alaƙa da Musulmin yankin nan. Ta jawo mutane daga ko'ina, har da Larabawan Sham, kuma a 1921 aka buɗe masallaci a Highland Park kusa da masana'antar, yana cikin na farko-farko da aka gina a Amurka. Bai daɗe ba aka rufe shi, amma da aikin ya koma Rouge jama'ar suka bi shi Dearborn. Alhaji, masallatan da ka yi salla a ciki a unguwar ƙanenka, asalinsu yana komawa ga layin da Injiniya yake karewa.

Baban Amira:
Allahu Akbar. Na yi Juma'a biyu a Dearborn, na ci abincin Yamalawa, ban haɗa wannan da wancan ba. Allah ya saka da alheri.

Abba na Fagge:
Wata tambaya, ku yi haƙuri. Na ji an ce duk baƙaƙe ne motocin. Amma a hoton da Alhaji ya turo na ga ja.

Baban Amira:
Idonka bai yi ƙarya ba. Na Piquette akwai ja, akwai kore, akwai ruwan toka. Baƙi zalla daga 1914 ne zuwa 1925, zamanin layi, lokacin da ake neman fenti mai arha mai jure wahala. Jar nan da ka gani ta 1909 ce, tagullar gabanta tana ƙyalli.

Ɗan Panteka:
Kun gani ko? Har kalar ma layin ya cinye.

Injiniya Mai Ritaya:
Ya cinye kala, ya ba manomi motar da zai kai matarsa asibiti da dare. Ni na san wanda zan zaɓa. Kuma kai Ɗan Panteka, sana'arka ma 'yar layin ce. Don an yi motoci miliyoyi iri ɗaya ne ya sa kake shiga kasuwa ka ce a ba ka kaza na mota kaza, ka zo ka ɗaura ya zauna.

Ɗan Panteka:
Wannan kam ka kama ni, Baba. Amma in kayan ya ƙare a kasuwa, mu ne muke zuba shi da hannu a Panteka. Ba mu mutu ba tukuna.

Malama Maman Khalifa:
Alhaji, ni abin da nake so in sani, yaya aka yi ginin ya tsira? Detroit ta rushe masana'antu da yawa.

Baban Amira:
Wannan ne sashen da ya fi taɓa ni, Malama. Ford ya sayar wa kamfanin Studebaker a 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, ku auna tsufan. Suka yi motoci a ciki har 1933. Daga nan ya koma hannun kamfanin 3M, sannan wani kamfanin kayan sawa na ma'aikata. Ba wanda ya kashe kuɗi ya sabunta shi, sito kawai aka mayar da shi, shi ya sa daɓen da ginshiƙan suka kai yau. A shekarar 2000 wasu masu son tarihin motar suka kafa ƙungiya suka saye shi da jin ana iya rushewa, a 2006 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihin ƙasa. Ba kamfanin Ford ne ke riƙe da shi ba. Tagogin nan, 'yan sa-kai ne, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan mota, suka riƙa zuwa suna cire su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, shekara da shekaru. Motocin ma da yawa na mutane ne suka ba da aro.

Sannan ga batun gobara. A 1901 masana'antar Olds ta ƙone a Detroit, don haka da za a gina Piquette aka raba shi kashi huɗu da bangon tare wuta, da manyan ƙofofin ƙarfe masu zamewa, da tankin ruwa na galan 25,000 a sama mai ba bututun yayyafi ruwa. Ƙofofin suna nan, na taɓa su. A 2005 tsohuwar masana'antar Studebaker da ke maƙwabtaka ta ƙone ƙurmus, wannan ya tsira.

Injiniya Mai Ritaya:
Tsofaffin ma'aikata suna gyara taga. Wannan ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Mu ma muna da abin nunawa. Peugeot ta fara fita daga Kakuri a 1975, an haɗa manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Volkswagen a Legas. Akwai mutane da rai yanzu da suka ɗaura 504 ta farko-farko da hannunsu, suna da hotuna da katin aiki da sifanu a cikin akwati. Abokan aikina uku sun rasu a 'yan shekarun nan, kowanne ya tafi da abin da ke kansa, 'ya'yansu ba su san ko me ake kira layi ba.

Malama Maman Khalifa:
Baba Injiniya, in za ka yarda, ni zan zo da ɗalibaina biyu da waya mu ɗauki muryarka. Mu fara da kai, ka nuna mana sauran.

Injiniya Mai Ritaya:
Na yarda, 'yata. Bayan sallar La'asar na fi samun sukuni. Ina da littafin ma'aunin da aka ba mu ranar farko, zan nemo shi.

Ɗan Panteka:
In kuna son motar da za a ajiye, akwai wata 504 a bayan garejina, mai ita ya rasu, magada sun ce in nemi mai saye. Bodin ya ci tsatsa ta ƙasa amma injin nata ne na asali. Zan gaya musu su dakata kafin masu yanka su ji labari.

Baban Amira:
Ka gaya musu yau, Oga, kuma ka turo mini lambar babban cikinsu ta akwatin sirri. Malama, ranar da za ku je wurin Injiniya ku sanar da ni, zan zo da hotunan daɓen nan da na ɗakin hawa na uku, ina so ya duba injinan da ke ciki ya gaya mini aikin kowanne.